Fitilun Dashbod Biyar Sun Mutu Tare: Yadda Muka Bi Wayoyin Wani Jirgin Ruwa a Goronyo

Sana'ata wayarin ɗin mota ce, rumfata tana cikin garin Sakkwato, kuma jirgin ruwa ba aikin da ke zuwa mana kullum ba ne. Yawancin jiragen da ke kan Gulbin Rima na katako ne. Ko an ɗaura musu inji, da igiya ake tayar da shi, babu batir balle a yi maganar dashbod. Shi ya sa da wani Alhaji mai fataucin kifi ya kira ni ƙarshen daminar da ta wuce, ya ce fitilun agogunan jirginsa sun mutu, an taɓa sau biyu abu ya ƙi, sai na ɗauki littafin aiki na rubuta duk abin da na tambaya da duk abin da na auna. Daga wannan littafin nake kawo bayanin nan.

Jirgin da ƙorafin da aka kawo

Jirgin na faiba ne, irin wanda direba ke tsayawa a tsakiya gaban sitiyari. Ƙirar Amurka ce, ya yi shekaru yana aiki a ruwan Legas kafin Alhaji ya saye shi, aka ɗoro shi a babbar mota zuwa madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984. Aikinsa zagaya masunta da sassafe da kuma yamma, ya kwaso kifi ya kawo gaɓa tun bai fara sauyawa ba. Injinsa Yamaha ne na ratayawa a baya, mai tashi da makulli, da batir guda mai bolt 12. Agogo biyar ne a dashbod ɗin: na juyin inji, na gudu, na mai, na cajin batir, da wanda ke nuna yadda aka ɗaga injin ko aka sauke shi. Kowanne akwai ɗan ƙwan fitila a bayansa da ke haska fuskarsa. Su biyar ɗin ne suka daina kamawa.

Wani zai ce ina abin damuwa, tunda inji na tashi, kuma hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare. Gaskiya ne ta hana, ni ma ina bayan wannan hani, don mun binne mutane da yawa a jihar nan sanadin kifewar jirgi. Sai dai duhu a kan ruwa ba sai dare ya yi ba. Hadari kan taso da la'asar gari ya rufe kamar magariba. Hazon hunturu kan danne rana tun ba ta faɗi ba. A irin wannan lokaci direba yana bukatar ganin allurar mai ba tare da ya saki sitiyari yana lalube tocilan a aljihu ba.

Kafin in ƙona mai zuwa can, na ce a haɗa ni da direban ta waya. Dattijo ne basarke, ya girme ni nesa ba kusa ba, ruwan nan ya san shi kamar yunwar cikinsa. Na tambaye shi ko ɗaya bayan ɗaya suka mutu ko tare.

"Injiniya, tare sunka ɗauke. Da hwari in jirgi ya daki ruwa sai su mutu, in ya sake duka su dawo. Bayan ruwan da anka yi mai yawa, sai shiru."

Na ce, "To Baba, in ka murɗa makulli allurori suna motsi?" Ya ce suna yi. "Fitilun gaba, ja da kore, suna kamawa in ka danna makunni?" Ya ce lafiya lau suke kamawa.

Waɗannan amsoshi sun rage mini rabin aiki tun ina zaune a rumfa. Ƙwai biyar ba sa ƙonewa a rana guda sai in wuta ce ta yi yawa, in kuwa haka ne da fitilun gaba ma sun tafi. Fitila mai mutuwa da dawowa daidai da girgizar jirgi tana nuna mahaɗar waya ce ta yi sako-sako. Sannan a tsarin irin waɗannan jiragen, makunni guda ne ke ba fitilun tafiya da fitilun agogo wuta. Makunnin hawa uku gare shi: sama na tafiya, tsakiya a kashe, ƙasa na tsayuwa, inda farar fitilar baya kaɗai ke kamawa. Tunda ja da kore suna ci, to batir yana ba da wuta, fis bai ƙone ba, wuta kuma tana ratsa makunnin. Ciwon yana tsakanin makunni da bayan agogunan, ko kuma a hanyar da wutar ke komawa batir.

Abin da aka riga aka yi

Mun fita da sassafe ni da yarona, muka bi ta Achida, da niyyar mu juyo kafin la'asar saboda halin da hanyar gabas take ciki. Mun tarar an ja jirgin gaɓa, hancinsa a kan yashi.

Ban fara da mitar awon wuta ba. Na zauna da Baba na ce ya ba ni labarin waɗanda suka taɓa aikin kafin ni. Na farko ya cire shuɗiyar wayar da ke kai wa fitilun wuta, ya ɗora mita a bakinta, ya ga bolt 12 da ɗoriya, ya ce wuta na zuwa, ƙwai ne suka mutu. Aka sayo sababbi, ba su kama ba. Na biyu ya ce a kawo na LED. Da ya sa su, uku suka ɗan yi ƙyalli kamar garwashin da ya kusa mutuwa, biyu ko alama. Daga nan ya zare fis ɗin layin ya sa babba, bai ga canji ba, sai ya yanke cewa agogunan ne suka lalace daga ciki, a sayo wasu. A nan Alhaji ya ja birki.

Ba zan kushe mutanen nan ba, don abin da suka yi shi ne abin da da yawanmu muka koya a gareji. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Baba ya ciro wata baƙar leda daga ƙarƙashin kujera, a ciki akwai tsofaffin ƙwai biyar na asali, kowanne sanye da 'yar hularsa ta jan roba. Irin masu lamba 194 ne, waɗanda ake cusawa ba a murɗawa. Na ce wa yarona ya gwada su ɗaya-ɗaya a kan batir ɗinmu, can nesa da jirgin. Huɗu suka kama tas. Ɗaya ne kawai zarensa ya tsinke.

Na ce nesa da jirgin ne da dalili. Tankin fetur ɗin jirgin nan yana ƙarƙashin daɓe, dab da inda dashbod yake, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a cikin jirgi, ba ya da hanyar zurarewa kamar a mota. Al'adar nan tamu ta goga waya a ƙarfe don a ga ko za ta yi tartsatsi, a nan tana iya tashin jirgi da mutanen cikinsa. Sai da muka buɗe dukkan murafe muka bar iska ta ratsa, na sunkuya na shinshina ƙasan, sannan na cire kan batir na negatif, wato inda wuta ke komawa, kafin in kwance sukurorin dashbod.

Akwai kuma bambanci guda da duk mai wayarin ɗin mota ya kamata ya riƙe in ya shiga jirgi. A mota waya ɗaya kake ja zuwa fitila, jikin motar ya mayar da wutar. Wutar lantarki kuwa ba ta bin jikin faiba. Kowace fitila a jirgi sai da waya mai kawowa da waya mai mayarwa, wato wuraren da abu zai iya lalacewa sun ninka biyu. Ko jirgin ƙarfe ne ma ba a mayar da wuta ta jikinsa, don hakan na cinye ƙarfen.

Da muka ɗaga allon, abin da ya fara yi mana sallama gidan zanzaro ne, an gina shi da laka a kan bayan agogon gudu, ya rufe ƙusoshinsa biyu. Ƙurar hunturun bara ta sha ruwan damina ta zama wani jan taɓo a kan wayoyin, har ba a gane launinsu sai an goge da tsumma. Muka goge. Masu ƙera jirage a Amurka suna bin tsarin launi na ƙungiyar ABYC, wadda aka kafa a 1954: shuɗi mai duhu na fitilun agogo ne, ruwan toka na fitilun tafiya, ruwan hoda na ma'aunin da ke cikin tankin mai, baƙi ko rawaya kuma negatif. Amma a wayoyin da ke fitowa daga makullin Yamaha, rawaya ba negatif ba ce, ita ce mai kawo wuta in an murɗa makulli. Yarona ya kai hannu zai maƙala kan mita a wata rawaya a matsayin negatif, na riƙe hannunsa. A jirgin da hannaye da yawa suka ratsa, launi shaida ne kawai, sai mita ta tabbatar.

A akwatin fis kuwa, ramin fitilu an rubuta masa 5, amma fis mai launin rawaya ne a ciki, wato mai amfiya 20. Wayar layin siririya ce. Da wani wuri ya haɗe, wayar ce za ta fara narkewa kafin fis ɗin ya ji komai, kuma a kan tankin fetur. Na zare shi na sa mai amfiya 5 nan take.

Bolt 12 da ba ta iya kunna fitila

Muka mayar da kan batir. A bakin batir mita ta nuna 12.4. Na maimaita gwajin mutumin farko da gangan don Baba da yarona su gani: na zare shuɗiyar waya daga agogon farko, na danna makunni sama, na auna bakinta. Mita ta nuna 12.4. Baba ya ce, "Ka gani ko? Haka wancan ya gani."

Sai na ɗauko testata, wato fitilar gwajin wuta. Ba ta kanti ba ce, ni na haɗa ta da ƙwan sigina na mota mai wat 21, wanda ke jan kusan amfiya 1.75. Na fi son ta da wannan nauyin don tana tilasta wa waya ta yi aiki na gaske. Na maƙala gindinta a kan negatif ɗin batir kai tsaye da doguwar waya, na taɓa bakin shuɗiyar wayar da ita, mita na nan a maƙale. Ƙwan bai ko yi ja ba, lambar mita kuma ta faɗo daga 12.4 zuwa ƙasa da rabin bolt.

Nan ne gaba ɗayan lamarin yake, don haka bari in tsaya a kansa. Mitar zamani kusan ba ta shan wuta. Turjiyar da ke cikinta ta kai om miliyan 10, saboda haka ko silin waya ɗaya ne ya rage a maƙale cikin tsatsa, zai ishe ta ta nuna maka cikakkiyar lamba. Na kwatanta wa Baba da bututun famfo da laka ta toshe, saura kafa kamar ta allura. In ka rufe kan famfon ka jira, ruwa zai taru har ka ji ƙarfinsa a bayan yatsanka. Buɗe ka tara bokiti, sai ɗigo. Mita yatsa ce a bakin famfo, fitila kuwa bokiti ce. Ƙwan 194 guda yana jan kusan amfiya 0.27, biyar sun haura amfiya 1.3. Hanyar da ta rage a wayar nan ba ta iya wuce ko kashi ɗaya cikin ashirin na wannan. Abin da ya sa LED suka ɗan yi ƙyalli ke nan, su ɗigon ma yana motsa su. Biyun da ba su yi komai ba kuwa an cusa su a juye ne, don LED yana da gaba da baya, ba kamar ƙwan zare ba da duk yadda ka sa shi zai ci.

Da ƙyallin nan mutum na biyu ya tsaya ya karanta, da ya kama ɓarawon. Fitila mai ci dishi-dishi tana cewa wuta na zuwa amma an shaƙe ta a hanya.

Saura a gano inda aka shaƙe ta. Na mayar da tsofaffin ƙwai huɗu da sabo guda cikin agogunan, na mayar da shuɗiyar waya, makunni a sama. Na taɓa testa a ƙafar makunnin inda shuɗiya da mai ruwan toka suka fito tare, ta kama fes. Makunni ya fita daga zargi. Daga nan na sa kan mita ɗaya a wannan ƙafa, ɗayan a bayan agogon farko, wato bakin waya guda da ƙarshenta. Lafiyayyar waya mai tsawon kamu uku ko huɗu, abin da zai ɓace a cikinta bai kamata ya kai rabin bolt ba. Mita ta nuna 12.1. Kusan dukkan ƙarfin batir a cikin wannan guntuwar waya yake mutuwa.

Ban huda rigar wayar da allura ba, kodayake ya fi sauri, don kowace huda ƙofa ce ga ruwa. Na yanke maɗauran damin wayoyin, na bi shuɗiyar da yatsu biyu a hankali. A can ƙasa, inda damin ya lanƙwasa ya yi kwari kafin ya hau, na ji wani kumburi kamar ƙwayar dabino a cikin baƙin salatif. Ina warware salatif ɗin ruwa ya ɗigo a hannuna. An taɓa ƙara wa wayar tsawo, aka murɗe bakuna biyu da hannu aka naɗe. Jan ƙarfen ya koma kore da baƙi, yana marmashewa kamar busasshen ganye, silli biyu ko uku ne kawai ke riƙe da juna. Da na yanko mahaɗar na auna ta, lambar tana yawo tsakanin om 200 da 600 gwargwadon yadda na motsa ta.

Ruwan Goronyo ba na gishiri ba ne, shi kaɗai ba zai yi wa jan ƙarfe haka da wuri ba. Ciwon daga Legas aka taho da shi. Gishiri in ya shiga waya yana bin sillayen ta cikin riga kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Zafinmu na bazara, wanda kan haura digiri 40, ya narkar da gam ɗin salatif ya buɗe baki, damina kuma ta cika kwarin da ruwa. Na feƙe wayar kamu guda daga mahaɗar, baƙa. Na ƙara kamu guda, har yanzu baƙa. Sai na bar ta, na ja sabuwa tun daga makunni har agogon farko, ba mahaɗa ko ɗaya a tsakani.

A nan Baba ya kawo shawarar da na san za a kawo. Ya ce me zai hana a ɗaura fitilun a kan rawayar wayar makulli, su riƙa ci duk lokacin da inji ke aiki, a huta. Akwai jiragen da haka aka haɗa su tun asali, kuma ba laifi ba ne in an raba shuɗiyar da makunni gaba ɗaya. Haɗarin shi ne a ɗaura ba a raba ba. Sai makulli ya riƙa tura wuta baya zuwa fitilun tafiya, makunnin fitilu kuma ya riƙa tura wuta cikin layin makulli ko an kashe shi. Na ce masa mu bar kowane layi a gidansa.

Ciwo na biyu

Na danna makunni, agogo biyar suka haska. Yarona ya fara tattara filaya da sukundireba. Ni ma zuciyata ta fara hango hanya, amma hasken bai yi mini ba, ya yi ja-ja fiye da yadda batir mai 12.4 ya kamata ya bayar. Na murɗa makulli ban tayar da inji ba, na zuba wa allurori ido, na kashe fitilu na sake kunnawa.

Duk lokacin da fitilu suka kama, allurar caji sai ta sauko zuwa wajen 10.5, alhali a bakin batir mita ba ta gusa daga 12.4 ba. Allurar mai kuma, wadda ke ƙasa da rabi, sai ta haura ta kusa kashi uku cikin huɗu. In na kashe ta dawo. Danna makunni ba ya ƙara mai a tanki.

Wannan alama ce ta negatif mara kyau, kuma ta fi mutuwar fitilun haɗari. Baƙar waya guda ce ta bi bayan agogunan tana tsalle daga wannan zuwa wancan, kuma ita ce ke mayar da wutar fitilun da ta allurorin baki ɗaya. Allurori kaɗan suke ja, don haka da rana hanyar tana isarsu ko da ta ƙuntata. Da fitilu suka ƙara mata fiye da amfiya guda, sai wuta ta taru a bakin hanyar, abin da agogo ke ɗauka a matsayin sifili ya daina zama sifili. Agogon caji sai ya rage, na mai kuma ya ƙara. Na auna daga ƙusar negatif ta bayan agogon mai zuwa kan negatif na batir, fitilu a kunne: bolt 1.9. Ma'aunin ABYC na layuka masu muhimmanci, irin fitilun tafiya, shi ne kada abin da ke ɓacewa a zuwa da dawowa ya wuce kashi 3 cikin 100, wato bolt 0.36 a tsarin bolt 12. Ko sauran layukan da aka sassauta wa, kashi 10 ne iyakarsu. Mu a dawowa kaɗai mun zubar da fiye da kashi 15.

Muka bi baƙar wayar zuwa sandar da negatif ke taruwa, a bangon cikin akwatin sitiyari. Zobban bakin waya shida aka jera a kan ƙusa ɗaya, alhali ƙa'ida kada su wuce huɗu. Notin da yatsa na kwance shi. Zoben agogunan shi ne na can ƙasa, kuma na baƙin ƙarfe ne irin na mota, ya yi tsatsa har ya manne da na samansa. Inji bai taɓa nuna alamar wannan ba saboda shi da kaurin wayarsa yake zuwa batir kai tsaye, fitilun gaba kuma a wani sukuru daban aka ɗaure tasu.

Baba ya daɗe yana kallon allurar nan tana hawa tana sauka. Can ya ce, "Injiniya, bara da hunturu mai ya ƙare mani tsakiyar ruwa, allura tana nuna da saura. Kwalekwale ya jawo mu. Na ce yaron da ka sawo muna mai shi ya rage, har na sa Alhaji ya yi mai hwaɗa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Fitilun ga a kunne suke ran nan." Ban ce komai ba. Ya ce in ya koma gida zai nemi yaron.

Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne, da na bar LED ɗin nan a ciki na juya biyun da ke juye, da biyar ɗin sun haska da kyau bayan gyaran farko, kuma da ban ga ciwo na biyu ba, don ba sa jan wutar da za ta tona shi. Da zoben ya ci gaba da ruɓewa a ɓoye har ranar da allurar mai za ta fara ƙarya ko da rana. Tsofaffin ƙwan da aka jefa a leda su suka fallasa shi.

Gyaran da abin da ya rage

Mun sake cire kan batir. Na kwance zobban shida, na goge sandar da sanfefa har ta yi ƙyalli, na raba su a kan ƙusoshi biyu. Zoben baƙin ƙarfe na yar da shi, na matse sabo na jan ƙarfe mai rufin kuza, na rufe wuyansa da robar nan mai tsukewa da zafi wadda ke da gam a ciki. Wannan aikin a kan yashi muka yi shi, muka shigo da wayar a shirye, ba a kunna wuta a cikin jirgin ba. Ban dogara da dalma kaɗai ba a ko'ina, don tana sandarar da waya, girgizar jirgi kuma ta karya ta daidai inda dalmar ta tsaya. Na sabunta gajerun wayoyin da ke tsalle tsakanin agogunan, na ƙara baƙar waya ta biyu daga agogon ƙarshe zuwa sandar, yadda in gefe ɗaya ya saki ɗayan zai riƙe. Bayan an ɗaure komai na shafa giris a saman mahaɗun don ya kore danshi, na ɗaga damin wayoyin na ɗaure shi sama don kada ya sake yin kwarin da ruwa zai kwanta.

Awon ƙarshe, fitilu a kunne: bolt 0.15 ke ɓacewa a zuwa, 0.1 a dawowa. Allurar mai ba ta ko girgiza in an danna makunni. Muka tura jirgin cikin ruwa Baba ya tayar da inji, caji ya hau 14.1 a bakin batir, agogon ma haka ya nuna. Ya zaga da mu ya daki ruwa da gangan sau da yawa, fitilu ba su ƙifta ba.

Ƙwan zare na bari a ciki da jajayen hulunansu. LED ɗin da aka sayo farare ne masu kashe ido, kuma farin haske a gaban direba cikin duhu yana hana shi ganin kututture ko ragar masunta a gabansa. Na ba Baba su ya ajiye na ko-ta-kwana, na nuna masa cewa in ya sa ɗaya bai kama ba ya zare ya juya shi. Na ba shi fis biyu masu amfiya 5, na ce in ɗaya ya ƙone ya sa ɗayan, in shi ma ya ƙone ya tsaya ya kira ni, kada ya yarda kowa ya sa babba ko ya naɗa masa takardar sigari.

Abin da ban iya yi ba shi ne sa waya mai rufin kuza, irin wadda ake yi don jirgi. Ban je da ita ba, da ta jan ƙarfe zalla mai laushin silli na yi aikin, bayan na kankare bakinta na tabbatar ba alminiyam ba ce aka shafa wa ja. Na kuma feƙe bakin wayoyi uku na wasu layukan, har da na famfon da ke kwashe ruwa daga cikin jirgi, biyu na same su da baƙin nan. Na gaya wa Alhaji a waya tun muna gaɓa cewa fitilu sun gyaru amma wayarin ɗin jirgin gaba ɗaya yana bukatar sabuntawa, kuma na famfon ne ya fi damuna. Muka yi da shi cewa in ruwa ya ja da rani za a fito da jirgin a kawo shi Sakkwato, shi kuma zai sa a sayo wayar daga Legas kafin lokacin. Na zana taswirar layukan da na taɓa a takarda, na sa a leda na ɗaure a cikin akwatin sitiyari don wanda zai buɗe bayana.

Mun kama hanya ana kiran azahar. Bayan mako uku Baba ya kira ni da yamma, ina jin ƙarar inji a bayansa, ya ce hazo ya sauko, agogo biyar suna ci, allurar mai tana inda ya bar ta. Wayar famfon ce har yanzu ba a taɓa ba, na sake tuna wa Alhaji ita a daren.